Ranar da na fito da Ummi daga asibiti a kafaɗata

Satin da ya wuce wani abokina ya kira ni wajen ƙarfe biyu na dare daga asibiti, yaronsa ya cika, abin da ya iya ce min kawai shi ne, to yanzu me ake yi? Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don tambayar da na tsaya ina yi wa kaina ke nan a bakin ɗakin yara a farkon 2023, ba wanda ya taɓa gaya min. Kowa ya iya ta'aziyya amma ba mai gaya maka tagar da za ka je, takardar da za ka karɓa, ko kuɗin da za ka riƙe. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda tawa ta kasance, daga farko har ƙarshe.

Ummi ita ce 'yarmu ta fari, sunan Hajiyarmu ta ci shi ya sa muke ce mata haka, shekararta bakwai, kuma sikila gare ta. Ni da mamanta ba mu yi gwaji kafin aure ba, sai da yarinya ta kai wata tara hannu da ƙafa suka dinga kumbura tana kwana kuka sannan aka gwada mu aka ce ni AS mamanta ma AS, wato dukkanmu muna ɗauke da ƙwayar sikila. Likitan ya zana mana a bayan kati, ya ce kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu na samun SS, wato sikila, kuma kar mu ɗauka wai in an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira, kowane ciki lissafinsa daban. Yanzu dai tun 2024 akwai doka a Kano ta gwajin lafiya kafin aure har da na jinsin jini, mu a lokacinmu surutu ne kawai a rediyo. Haka muka yi shekaru muna bin kilinik, folik asid kullum, maganin rigakafin maleriya, ruwa a gora duk inda za ta, safa da suwaita da zarar iska ta juya.

Ƙarshen Janairu ne, hunturu ya kankama, ga kuma wahalar canjin kuɗi, wanda duk yake Kano a lokacin ya san me nake faɗa, kuɗinka na cikin banki amma naira dubu ta gagare ka a hannu. Ta fara da ciwon ƙafa da baya irin wanda muka saba, sai muka yi abin da muka saba, paracetamol, ruwan ɗumi, mai kemis ɗin layinmu ya zo ya duba ya ce maleriya ce. Kwana biyu muka yi a haka. Wannan kwana biyun har gobe su ne suke hana ni barci, ba wai ina jayayya da ƙaddara ba, amma na san zazzaɓi a jikin mai sikila ba abin jira ba ne, an sha faɗa mana a kilinik, sabo ne ya cuce mu. Dare na uku wajen sha ɗaya ta fara tari tana cewa Abba ƙirjina, numfashinta sama-sama, leɓenta ya yi fari. Maƙocinmu mai adaidaita na buga wa ƙofa, Allah ya saka masa, ko riga bai gama sawa ba ya tayar da mashin. Muna tsakiyar hanya mamanta ta ce ta bar katin kilinik a kan firij.

Rashin katin nan ya ci mana kusan awa ɗaya. A emajensi na yara sun karɓe ta nan take gaskiya, nas ta ɗora ta a gado aka maƙala mata abin nan a yatsa aka sa oksijin, amma ni aka ce in je wajen kati, mai kati ya ce lamba, na ce ban haddace ba, ya ce to sai dai a buɗe sabon fayil, in je kashiya in biya in dawo da risit. A kashiya layi ne na mutane irina, kowa da waya a hannu yana jiran netwok, taransifa ta fita daga asusunka amma ba ta shiga ba, mai POS ɗin bakin get kuma in zai ba ka dubu biyar sai ya cire nasa mai tsoka. Wani dattijo da ban taɓa gani ba ya ga yadda nake rawar jiki ya zaro tsofaffin kuɗi ya biya min, ya ce in na samu netwok in tura masa, ya rubuta lambar a bayan risit. Da na koma likita ta miƙo min takardu uku, ɗaya ta lab, ɗaya ta famasi, ɗaya ta hoton ƙirji. Abin da ban sani ba shi ne kowace takarda sai an fara kai ta a rubuta mata farashi, sannan kashiya, sannan ka koma wajen da risit, ni kuwa na dinga zuwa kai tsaye ana maido ni. Famasin ciki suna da kanula da ruwan ƙari amma allurar da aka rubuta babu, sai da na tsallaka titi ƙarfe biyun dare.

Sakamako ya fito PCV ɗinta, wato ma'aunin yawan jininta, 12, likitar ta ce Malam jini za a ƙara mata yanzu, kuma ciwon ya hau ƙirji, shi ne abin da muke tsoro. A wajen jini aka ce akwai irin nata amma ƙa'ida sai an kawo wanda zai bayar a mayar, kuma za a biya kuɗin leda da gwaje-gwaje. Na nannaɗe hannun riga aka duba ni aka ce nawa bai isa a ɗiba ba, ga shi ban ci komai ba tun rana. Na kira Yaya, ya taso da ƙanina da yara biyu na majalisarmu, kafin asuba an ɗibi leda biyu. Akwai masu zagaye a wajen suna raɗa maka cewa suna da mai bayarwa in za ka biya, ni dai ban bi ta kansu ba. Ko da jini ya samu sai an haɗa shi da nata an tabbatar sun dace, wannan ma awanni ne, kana zaune a benci kana kallon ƙofa. Ana kiran sallar asuba aka ɗaura mata ledar farko.

Kwana huɗu muka yi. Mamanta a ciki kan kujerar roba, ni a baranda da sauran iyaye maza a kan kwali da tabarma, sikiriti na korar mu lokacin zagayen likitoci mu koma ƙarƙashin bishiya. A barandar nan na ga abin da ban taɓa gani ba, mutum ya raba maka burodinsa da safe, da yamma ka gan shi ya fito da zani a naɗe a hannu. Rana ta biyu ta ɗan farfaɗo har ta sha kunu cokali biyar, ta ce in na tafi gida in ɗauko mata allonta don an kusa yi mata tambaya a islamiyya, ta kai Sabbi a lokacin, tana ta alfahari da shi. Na ce to Ummina, gobe. Rana ta uku zazzaɓi ya dawo, aka canza allura zuwa mai tsada, aka ƙara leda ta biyu. Na sayar da wayata babba a kasuwar waya ta Farm Centre na riƙe ƙarama, shi ma mai sayen taransifa ya yi min, sai da na kwana biyu ina bin kuɗina wajen masu POS.

Daren Alhamis wajen ƙarfe uku da rabi wata nas ta leƙo baranda ta ce ina baban Ummi. Yadda ta faɗa kawai na gane. Na shiga na tarar da likita biyu a kanta, an ja labule, mamanta na tsaye a jikin bango ta toshe bakinta da mayafi. Sun yi iya yinsu, na gani da idona. Can ɗayan ya duba agogo ya rubuta a fayil, ya juyo ya ce Malam sai haƙuri, Allah ya karɓi abarsa. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na shafa idonta na rufe, hannunta da ɗumi har lokacin. Daga nan kuma sai na tsaya kawai kamar an dasa ni, ban san gaba ba ban san baya ba. Sista ce ta ja ni gefe ta ce Baba saurara, za mu cire mata kanula mu gyara ta, kai ka je kashiya da wannan takardar a duba in akwai sauran biya, ka dawo min da risit, likita zai cike takardar rasuwa, sannan mu ba ka ta fita da za ka nuna a get. Ta ce in kuna son tafiya da ita yanzu ba sai an kai ta mutuware ba tunda a gadonmu ta rasu kuma an san ciwonta. Wannan bayanin na minti ɗaya shi ne duk abin da nake buƙata a duniya a lokacin.

Ka yi tunanin mutum 'yarsa ta rasu minti ashirin da suka wuce yana tsaye a taga ana lissafa masa kuɗin gado da oksijin. Ban ga laifin yaron da ke tagar ba, aikinsa yake, har ya ce Allah ya jiƙanta, amma da na san haka ne da Yaya na tura. Sauran magungunan da ba a buɗe ba Sista ta ce ko mu tafi da su ko mu bar wa wani, mamanta ta nuna gadon kusa da namu. Takardar likita kuwa aka ce wanda zai sa hannu ya shiga wani emajensin, in jira ko in dawo, na ce zan dawo, wannan shi ne kuskurena na biyu, za ku ji. Muka naɗe ta a zanin mamanta, na saɓa ta a kafaɗa kamar yadda nake ɗaukar ta in ta yi barci a falo, kanta a wuyana. Mai adaidaita na farko da ya gane abin da na ɗauko ya ce a yi haƙuri, ya ja. Yaya ne ya samo motar wani abokinsa. A get sikiriti ya haska takardar da tocila, ya haska fuskata, ya cire hularsa ya buɗe mana.

Mun isa gida ana fitowa daga masallaci. Daga nan gaskiya unguwa ta karɓe ni, ban ƙara sanin nawa aka kashe ba sai daga baya. Liman ya sa jana'iza ƙarfe tara, aka sanar a lasifika, matasa suka tafi makabartar Dandolo su gaya wa masu haƙa, abin da za su tambaya shi ne babba ne ko yaro, shekara nawa, don su san tsawon. Wani ya tafi sayen farin yadi, tela a layinmu ya buɗe shago ya haɗa likkafani bai karɓi ko sisi ba. Hajiya da wata gwaggona suka yi mata wanka, aka sa turare. Kafin a fito da ita Hajiya ta ce a kira uwar ta yi mata addu'a, ta zo ta durƙusa ta daɗe, ba ta ce komai ba, ta gyara mata bakin likkafanin kawai ta tashi. Aka yi kabbara huɗu a ƙofar gida. A makabarta ni na shiga ramin na karɓe ta, Yaya ya so ya hana ni na ce a'a, aka kwantar da ita a gefen dama tana fuskantar gabas, aka jera tukwane aka toshe da ɗanyar laka, aka mayar da ƙasa. Masu haƙa ba su yanke mana farashi ba, abin da ya samu aka ba su da kuɗin tukwane, amma ku riƙe tsabar kuɗi, mutanen nan da shi suke ci. Wani tsoho cikinsu ya ce in sa alama don nan da wata uku ba zan gane wajen ba, na ɗauka wasa ne. Na kafa wani guntun bulo na ƙirga daga bishiyar da ke kusa.

Kwana uku muna zaune a ƙofar gida a kan tabarma. Allah ya sa mai ceto ce, Allah ya ba da haƙuri, amin amin, har bakinka ya bushe. Yawancin mutane alheri suka zo da shi, abinci daga maƙota har ya yi yawa. Amma akwai maganganun da gara a yi shiru. Wani ya ce ai gara haka ta huta ku ma kun huta, masu sikila dama ba sa daɗewa, wanda ba gaskiya ba ne ma, a kilinik ɗinmu akwai masu sikila da suke zuwa da 'ya'yansu. Wata kuma a cikin gida ta ce wa mamanta ai ke yarinya ce za ki haifi wasu. Abin da ya fi damuna shi ne na ciki, don Ummi 'yar fari ce, kuma kun san al'adarmu, uwa ba ta nuna 'yar fari, ko sunanta ba ta faɗa, to sai ga shi ana yaba mata wai ta yi kawaici ko hawaye babu, ita kuwa tana zaune a tsakiyar surukai ta ƙame kamar itace. Ni ma a waje ana ce min namiji ne. Wani malami abokin Yaya shi ya zauna kusa da ni ya ce, Manzon Allah SAW da ɗansa Ibrahim ya rasu ya yi hawaye, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ya ce abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi, ba hawaye ba. A daren na shiga ɗaki na gaya mata haka, na rufe ƙofa, ranar ta fara kuka.

Bayan sati biyu aka ce min a wurin aiki in kawo shaidar rasuwa don a cire sunanta daga inshorar lafiya, bankin da muka buɗe mata asusun yara su ma suka ce haka. Na koma asibiti, shiga get ɗin kaɗai sai da na zauna a kan dakali. Ɗakin yara suka ce fayil ya koma wajen ajiya, wajen ajiya suka ce lamba, kuma ashe fayil biyu gare ta, tsohon na kilinik da sabon da aka buɗe daren nan, suka dinga ciro tsohon suna cewa ba a rubuta rasuwa a ciki ba. Zuwa uku na yi. Risit ɗin dattijon nan da na ajiye saboda lambarsa shi ya cece ni, a jikinsa sabuwar lambar fayil take. Da aka samo, sai jiran likitan da ya duba ta, aka cike, aka buga hatimi, na biya wani ɗan kuɗi na karɓi risit. Ita wannan ta asibiti dalilin rasuwa take nunawa. Satifiket na gwamnati kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke bayarwa, su ɗin dai masu ba da takardar haihuwa, suna da ma'aikata a sakatariyar ƙananan hukumomi. Can na je da ta asibitin, da takardar haihuwarta, da katina na ɗan ƙasa, aka cike fom da sunanta da shekaru da rana da wurin rasuwa. Ku duba rubutun suna harafi-harafi kafin ku bar wajen, ya zama daidai da na takardar haihuwa, kuma ku yi fotokwafi biyar ko fiye, don duk inda ka je sai sun riƙe ɗaya.

Kuɗin asusun ba yawa, na barka da sallah ne da muke tara mata, da 'yan kunnenta na gwal guda ɗaya. Ni na ɗauka sadaka kawai za mu yi da su, malamin nan ya ce a'a, yaro ma ana gadonsa, sai an raba kowa ya karɓi nasa sannan ya yi sadakar in ya so. Tunda ƙani ɗaya gare ta, uwa tana da ɗaya cikin uku, sauran na uba, da 'yan'uwanta sun kai biyu da ɗaya cikin shida za ta samu. Muka zauna da biro muna raba kuɗin sallar 'yarmu. Makarantar boko kuwa na manta ban sanar a rubuce ba, duk da malamanta sun zo gaisuwa, sai ga saƙon kuɗin zango ya shigo wayar mamanta da sunan Ummi a jiki, ranar ba ta ci abinci ba. Ku tura wani ya je ofis ya sa a cire suna daga rajista da lambar da suke tura saƙo, boko da islamiyya duka.

Abin da na gaya wa abokina a waya daren nan shi ne, kar ka je taga da kanka, kira ɗan'uwa ya riƙe takardu da kuɗi, kai ka zauna da matarka. Kar ka fita get sai da takardar likita a aljihunka ko da za ka jira awa biyu, komawar ta fi jiran ciwo. Ka ɗauki hoton kati da duk risit a waya. Masu yara sikila kuma, lambar fayil a wayarku, ku san rukunin jinin yaro, ku san mutum uku da za ku iya tasa da dare, zazzaɓi ko tari ko ciwon ƙirji asibiti a ranar, ba gobe ba. Sannan bayan kwana uku kowa zai watse, a nan ne abin yake farawa, mamanta ta yi wata huɗu ba ta barci sai ta tashi ƙarfe uku da rabi daidai, ta rame, ni kuma na koma masifa a kan abin da bai kai ba. Sai da na kai ta wajen likita, da addu'a da magana da ɗan magani, muka kuma roƙi ƙanwarta ta dawo gidan na wani lokaci. Ba raunin imani ba ne, kar wanda ya gaya muku haka.

Dattijon da ya biya min kuɗin kati na tura masa kuɗinsa bayan kwana goma, ya kira ya ce ya mai jiki, na gaya masa, ya yi shiru, ya ce nasa jikan ma bai tashi ba. Muna gaisawa har yanzu duk sallah. Ranar Juma'ar da ta wuce na je Dandolo bayan na raka abokina, bulon nan ya nutse saura kaɗan, layuka sun wuce shi da nisa, sai da na ƙirga daga bishiya. Allon nata yana nan a bayan ƙofa inda ta jingine shi, ƙaninta ya isa shiga islamiyya bana, mamansa ta ce a sayo masa sabo.